Ranar da na raina tsohon gida a Ingila

Jama'a wallahi har yau in na tuna kunyar da na sha ranar da na je duba gidan haya a nan Ingila sai jikina ya yi sanyi. Dillaliyar ta buɗe min ƙofa na ga jan bulo duk ya dafe, matakalar bene ƴar siririya mutum biyu ba sa giftawa, tagogin kuma na katako ne irin waɗanda ake turawa sama, sai na ce mata ai gidan nan ya tsufa a rage min wani abu mana. Matar nan ta dube ni kamar na zagi kakanta, ta ce tsufan ai shi ake biya, gidan Victorian ne, ta fito da ni waje ta nuna min dutse a bangon layin an sassaƙa shekarar da aka gina shi, ya haura shekara 120. Ban ƙara cewa uffan ba.

Ashe su nan kowane gida da sunan zamaninsa. Victorian na lokacin Sarauniya Victoria ne, 1837 zuwa 1901, lokacin da masaƙu da masana'antu suka kwaso mutanen ƙauye zuwa birni aka rasa inda za a zuba su, shi ne aka dinga jera gidaje a manne, bango ɗaya na gida biyu, layi guda kamar an tsaga kara. Dokar kiwon lafiya ta 1875 ce ta ba hukumomin gari ikon tilasta wa magina su bar fili a baya su yi bayi da magudanar ruwa. Shi kansa bulon, a Landan bayan gobarar 1666 aka hana gini da katako aka ce sai bulo ko dutse. Wasu tsofaffin gidajen kuma za ka ga gurbin taga an toshe da bulo, a da har taga ake biya wa haraji, daga 1696 sai 1851 aka soke.

To amma zama a ciki fa sai mai haƙuri. Sanyi ta tagogin nan yake shigowa ko hita na kunne, bango na tsatsafo da damshi, maƙwabci ya yi tari kana ji, ga babu zaure, baƙo na ƙwanƙwasawa ka buɗe sai ga shi tsakiyar iyalinka, wannan kam har gobe ban saba ba. Na roƙi mai gidan ya canza tagogin ya ce unguwar tana cikin waɗanda aka kare saboda tarihi, sai ya nemi izinin hukuma tukuna. Taga fa! Na ji haushi ranar, amma daga baya abin ya dinga burge ni.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bangalo. Mu da muke tinƙaho wane ya gina bangalo irin na Turawa, ashe asalinsa ɗakin manoman Bengal ne a ƙasar Indiya, mai jinka da rumfa, sunan ma daga Bangla ya fito. Turawan mulkin mallaka suka gani ya dace da zafi suka kwaikwaya, wajen 1870 suka fara gina shi a bakin teku a yankin Kent na kudancin Ingila, suka kuma baza shi duk inda suka mulka har ya iso mana. Su sun ga ɗakin talaka sun ɗauka sun ɗaukaka shi, mu kuwa namu na tubali da azara da zanko, wanda ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi ba fanka ba komai, shi muke kira gidan ƙauye, mutum na samun kuɗi sai ya sa a ture ya dasa siminti da kwano ya zauna yana zufa yana jiran a kawo wuta.

Ni kaina da kuɗin da na turo aka rushe soron kakanmu shekarun baya, har murna nake an aiko min hoton sabon ginin. Makon jiya na kira Yaya na ce ko akwai wanda ya ɗauki hoton zauren kafin a ture, ya ce zai tambaya, har yanzu shiru.