Shagon dabbobin gida a gefen Madina: sun iya kyanwa, sun kasa a kifi

Akwai wani shagon dabbobin gida a gefen unguwar Madina ta Accra, a Ghana, da mutanen Zango suka fara yi wa tsinke, wasu ma tun daga Nima da Mamobi suke hawo trotro, wato motar haya, su zo. Ba shi da girma: kejin tsuntsaye a hannun hagu, akwatunan gilas na kifi a hannun dama, 'yan kyanwa da kwikwiyo a can ciki inda fanka ke kaɗawa. Abin da ya bambanta shi da masu tallar dabbobi a bakin titi shi ne ana yi maka tambaya kafin a karɓi kuɗinka. Ɗaki ɗaya kake ko ciki da falo? Gidan haya ne na taron jama'a ko mai banɗaki a ciki? Wa ke wuni a gida?

Tambayoyin a kan hanya suke. Ɗakin haya na ƙafa 12 a kan 12 bai kai murabba'in mita 14 ba, gado da durowa da firji sun cinye fiye da rabi. Amma a gidan da mutane da yawa ke raba tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ba girman jikin dabba ne ke haɗa ka faɗa da maƙwabta ba. Warinta ne, da kukanta, da inda take ba-haya. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna shagon.

A fannin kyanwa babu abin cewa sai yabo. Ba sa sayar da wadda ba ta kai mako 8 ba, domin wadda aka raba da uwa da wuri takan zo da zawo da yawan cizo. Kowace tana da katin riga-kafi mai kwanan wata, kuma suna gaya wa mai saye cewa allurar ciwon haukan kare ana yin ta ne a wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Wannan ba ƙawa ba ce, cutar tana nan a Ghana, kyanwa na ɗauka kamar yadda kare ke ɗauka, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Duba katin da kyau: in babu tambarin likita da takardar kwalbar allurar a manne, kai ta asibitin dabbobi na gwamnati da ke La a tabbatar.

Wata Hajiya ta nuna wani ɗan muzuru ja, ta ce shi take so. Yaron shagon ya ɗaga shi ya juya, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, namiji ne. In ya kai wata shida ba a dandaƙe shi ba, zai fara fesa fitsari a bango da labule. A ɗaki ɗaya ba za ki iya da warin ba." Ta ce to a ba ta mace. Ya ce ita ma sai an kai ta an yi mata aiki, in ba haka ba duk bayan mako biyu ko uku za ta kwana tana kukan neman namiji, ta yage ragar taga ta fice, bayan wata biyu da 'yan kwanaki ta cika ƙarƙashin gado da 'ya'ya. Gaskiya ya faɗa, ko da za ta sa ciniki ya tashi.

Kwandon ba-hayan da suke sayarwa ne dai ya yi ƙanƙanta. Ana so tsawonsa ya kai tsawon kyanwar da rabi. Babbar robar wanki marar zurfi daga kasuwar Madina ta fi shi aiki, ta kuma fi araha. A zuba yashin kyanwa zurfin santimita 5 zuwa 7, a kwashe kashi kullum, a wanke robar duk mako. Yashin gini ba ya riƙe wari. Mai ciki kuma kada ta yi kwasar da kanta, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa wadda kan taɓa ɗan tayi. Abu biyu da ya kamata a rubuta a bangon shagon amma ba a rubuta ba: farasitamol na kashe kyanwa ko da ƙwaya ɗaya ce, haka maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin.

Wajen kifi ne suka ba da kunya. A jere a kan kanta akwai 'yan kwanonin gilas masu siffar tulu, lita 3 ko 4, kowanne da jan kifin nan na ado guda biyu a ciki, ana cewa su ne daidai da ƙaramin ɗaki. Ba haka ba ne. Wannan kifi yana kai santimita 15 zuwa 20, yana ci da yawa, yana kashi da yawa, ya kuma fi son ruwa mai sanyi. Kashinsa yana zama amoniya, amoniyar ta ƙone masa wurin numfashi. Ga bakin kwanon a tsuke, iska kaɗan ke shiga ruwan, sannan ruwa mai ɗumi irin na Accra dama bai riƙe iska sosai. Shi ya sa za ka ga kifin ya taso sama yana buɗe baki, bayan mako biyu yara su wayi gari suna kuka.

Mai ƙaramin ɗaki ya nemi akwati mai kusurwa huɗu. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1,000. Mai 60 da 30 da 30 yana cin lita 54, kuma kowace lita kilo ɗaya ce, ban da gilas da tsakuwa. Teburin roba ba zai ɗauka ba. Ruwan famfo yana da kulorin, sai an ɗiga masa maganin kashe shi. Sabon akwati yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin da ke cinye amoniya su zauna a cikin filta, wato matatar ruwan akwatin, don haka a fara da kifi kaɗan, a riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Kada a zubar duka, kada a wanke soson filta a bakin famfo, a ɗauraye shi cikin ruwan da aka kwasa. Sai maganar dumso: in wuta ta ɗauke filta ta tsaya. Kifin da ya fi jure wannan shi ne beta, don yana iya shaƙar iska daga saman ruwa, kuma zafin digiri 24 zuwa 28 ya yi masa. Lita 20 ta ishe shi, amma namiji ɗaya tak, biyu sai sun yi wa juna kaca-kaca. Suna da shi a shagon, sai dai sai ka tambaya.

Tsuntsaye kuwa, a ba su rabin maki. Ƙananan akun nan 'yan asalin Ostireliya da ake kira baji suna da lafiya, ido garau, gashi a kwance. Kejin ne matsala: dogaye, zagayayyu, masu kyan gani. Tsuntsu a kwance yake tashi ba a tsaye ba, faɗi yake so. Ga guda biyu a nemi mai faɗin santimita 75 ko fiye, tazarar waya kada ta wuce santimita 1.2, in ta wuce yakan cusa kai ya maƙale. Babban abin lura ga mai ɗaki ɗaya shi ne hayaƙi. Maganin sauro na kunnawa, na feshi, turaren wuta, da tururin kaskon da ba ya kama abinci in ya yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe tsuntsu a dare ɗaya. Wanda ke girki da barci a wuri guda, tsuntsu ba nasa ba ne.

Sun ci yabo da ba sa ajiye aku mai toka da jan wutsiya. Tun 2017 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma a dazukan Ghana ya kusa ƙarewa. Ko da takarda ma, tsuntsu ne da ke kai shekara 40 zuwa sama, mai ihun da za a ji har masallacin unguwa.

Kare ba sai an ja magana ba. Yawancin gidajen Zango ba a shiga da shi ɗaki, kuma kwikwiyon Boerboel da ake nuna wa samari a tafin hannu zai kai kilo 60 ko fiye. Zomo kuma shiru gare shi, amma yana gwiguyar wayar wuta, kuma zafin da ya haura digiri 30 a ɗakin kwano yana iya kayar da shi.

Farashinsu ya ɗara na bakin titi, ba a kuma cika ragi ba. A kan kyanwa mai kati, ƙarin ya cancanta. Abincin gwangwani da kayan wasa a bar musu, akwatin kifi kuma mai yankan gilas zai haɗa maka da awon da ka ba shi. Kafin ka fita daga gida, auna gurbin da za ka ajiye keji ko akwatin, ka rubuta a takarda, sannan ka nemi amincewar maigidan haya a gaban shaida, domin shagon ba ya karɓar dabba in an fita da ita.