Rigar iyo ta roba da na shiga gasar tirayatulon da ita

Wannan ne karona na farko a doguwar gasar: iyo kilomita 1.9, keke kilomita 90, sannan gudu kilomita 21.1. A cikin ruwa kam rigar ta yi mini rana. Ta ɗago ƙafafuna sama, ni da kullum suke nutsewa kamar an ɗaura musu dutse, sanyi kuma bai ratsa ni ba.

Amma wuyanta ya goge ni har fata ta saɓule. Gumi na taɓa wurin, sai raɗaɗi, tun daga kan keke har ƙarshen gudu. Wajen cire ta kuwa, zaman dirshan na yi ina kokawa da diddige, mutane na ta wuce ni. Zan sake sa ta, amma sai na shafe wuyana da mai tukuna.