Na gama kwas ɗin koyon rubutun nan, ga abin da na gani

Tun da na ce na shiga kwas ɗin koyon rubutu ta intanet mutane ke ta tambayata wai ya yi ko asarar kuɗi ce, to yau sati biyu kenan da gamawa, bari in zauna in yi bayani sau ɗaya a tsanake. Ba zan kama sunan masu kwas ɗin ba don akwai abubuwan da zan soka kuma ba na so ya zama kamar sana'arsu nake son ɓatawa.

Tsarinsa sati shida ne, kowane sati akwai gajerun bidiyo uku ko huɗu, aikin gida ɗaya, sai zama na kai tsaye inda malama take ɗauko rubutun mutum biyu ko uku ta gyara a gaban kowa. Ni abin da ya kai ni, na daɗe ina rubutu kan wayoyi da yadda ake kula da su, na san abin da nake faɗa daidai ne amma mutane ba sa kaiwa ƙarshe, sai wani ya zo ya yi min tambayar da amsarta tana nan zaune a sakin layi na huɗu. Abin yana min ciwo wallahi, ka raba dare kana rubutu a ce ba a karanta ba.

A zaman farko nawa aka ɗauko. Rubutu ne kan dalilin da ya sa batirin waya yake saurin lalacewa, kalma wajen 700, na fara da yadda waya ta zama abokiyar rayuwar ɗan Adam, na gangaro kan yadda fasaha ta ci gaba, na kawo ire-iren batir, duk ina ganin shimfiɗa nake yi mai kyau. Malama ta buɗe shi a allo kowa na gani, ta shafa wa sakin layi uku na farko ruwan ɗorawa, ta gangara har ta iso wata 'yar jimla da na jefa a tsakiya, "Zafi yana kashe batirin waya." Ta tsaya a nan ta ce, Malam, nan rubutunka ya fara, duk na saman nan kanka ka rubuta wa don hannunka ya saki, mai karatu ba ruwansa da shi. Na yi shiru, don ni kaina da na sake karantawa daga wannan jimlar sai na ji rubutun ya tashi tsaye. Mutumin da batirinsa ke mutuwa kafin yamma so yake a ce masa ya daina barin waya a rana ko cikin mota a rufe, ya daina buga gem tana jikin caji tana ɗaukar zafi, tarihin fasaha kuwa ba shi ya zo nema ba.

Wannan gyaran shi kaɗai ya biya ni kuɗina, gaskiya.

Sati na biyu ne aka kawo dalilin abin. 'Yan jarida sun daɗe da tsarin da suke kira dala a kife, wato mafi muhimmanci a sama, wa ya yi me, a ina, yaushe, saura ya biyo baya yana raguwa ta yadda ko an yanke ƙasan labarin bai mutu ba. Sannan aka kawo binciken da Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya yi a 1997, wanda ya gano kashi 79 cikin ɗari na mutanen da aka gwada tsallake-tsallake suke yi a allo, kashi 16 kacal ke bin kalma bayan kalma. A 2006 kuma Nielsen da abokan aikinsa suka bi motsin idon mutum 232, aka ga ido yana bin layin farko har ƙarshe, ya ɗan sauko ya bi rabin wani, daga nan sai ya gangara ta gefen hagu kawai, siffar harafin F kenan. Da na ji wannan na koma na duba tsofaffin rubuce-rubucena, kusan kowane sakin layi da "Bugu da ƙari" ko "Haka zalika" ko "Kamar yadda muka sani" yake farawa, ashe daidai wurin da ido ke sauka nan nake zuba kalmomin da ba sa ɗauke da komai. Yanzu kalma biyu ko uku na farkon kowane sakin layi sai na tabbatar sun faɗi abin da ke cikinsa.

To amma ba duka ne ya yi min ba. Satin rubuta take ban ji daɗinsa ba sam, bidiyon ya kawo wasu samfura irin su "Hanyoyi 7 da…" da "Ba za ka yarda da abin da ya faru ba" aka ce mu cike gurbi. Na gwada ɗaya, an shigo kam, amma an fita da haushi don abin da taken ya hura bai kai haka ba a ciki. Ita kanta malamar a zaman satin cewa ta yi take bashi ne, idan ka ci sai ka biya a layin farko. Sai na ga kamar bidiyon daban malamar daban, ba su taɓa zama sun daidaita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajar auna sauƙin karatu da suka haɗa mu da ita, aka ce kowane aiki sai ya samu maki 60 ko fiye kafin a miƙa. Ni da Hausa nake rubutu, duk abin da na saka sai ta nuna ja, na yi ta yanka jimloli har rubutun ya koma kamar saƙon tes amma ja dai ja. Sai na je na nemi yadda lissafin yake. Ma'aunin Rudolf Flesch ne na 1948, a Amurka aka yi shi kuma don Turanci, abu biyu kawai yake ƙirgawa, tsawon jimla da yawan gaɓoɓi a kalma. Ana fara da 206.835, a cire yawan kalmomi a jimla sau 1.015, a sake cire yawan gaɓa a kalma sau 84.6. Kun ga gaɓa ce ke da nauyi. Turanci cike yake da kalmomi masu gaɓa ɗaya, mu kuwa waya, zafi, ruwa, gida, duk gaɓa bibbiyu ne kuma yaro ɗan shekara biyar ya san su. Ɗauki jimlar nan tawa, "Zafi yana kashe batirin waya", kalma 5 gaɓa 11, idan ka lissafa da hannu maki wajen 16 take samu, wanda a ma'aunin yana nufin rubutu mai tsananin wuya sai wanda ya gama jami'a. Don Allah wa zai kasa gane wannan jimlar? Sati biyu na ɓata ina lalata rubutuna don in faranta wa abin da ba a yi shi don harshena ba, kuma babu ko layi ɗaya a kwas ɗin da ya gargaɗe mu, alhali sun karɓi masu rubutu da Hausa da saninsu. Ga shi shafin miƙa aikin ma yana mayar da ƙ da ɗ da ɓ wasu 'yan akwatuna, dole ka cire lanƙwasa, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Wannan sakaci ne, ya kamata su gyara.

Da na kai ƙorafi malama ta ce in rabu da makin, in karanta rubutun da ƙarfi kamar ina yi wa mutum ɗaya bayani, ta ce in zaɓi mutumin ma in san fuskarsa. Na zaɓi ƙanwata, don ita ce kullum ke kawo min wayarta. Nan na gane ciwon da manhaja ba za ta taɓa gani ba. Na rubuta "zafi yana taka muhimmiyar rawa wajen lalacewar batir", da na faɗa a baki sai na ji ba zan taɓa ce mata haka ba, cewa zan yi ke, zafi ne ke cinye miki batir. Duk inda numfashina ya yanke kafin jimla ta ƙare na san ta yi tsawo, duk inda bakina ya harɗe na san Turanci ne na sa wa rigar Hausa. Yanzu ba na sakin komai sai na karanta shi a fili sau biyu, wani lokacin ma in ɗauki muryata in saurara washegari.

Sauran ƙananan matsaloli, daga sati na huɗu gyara ya fara makara, aikina na biyar sai da aka rufe kwas ɗin ya dawo, ina jin ɗalibai sun yi wa malama ɗaya yawa. Satin ƙarshe na yadda injin bincike irin su Google ke gano rubutu a gurguje aka yi shi, ban ƙaru da komai ba. Sautin bidiyo biyu kuma ba ya fita sosai.

Idan kana da rubutun da ka riga ka yi kuma za ka iya jure a buɗe shi a gaban mutane a yanke rabinsa, shiga, amma ka tambaya tun kafin ka biya ko mutum ne zai duba aikinka kuma sau nawa, don zaman kai tsayen nan shi ne kwas ɗin. Idan bidiyon kawai za ka kalla ka ajiye kuɗinka. Mai rubutu da Hausa kuma kar ya ko buɗe manhajar makin. Ni taurari uku da rabi na ba su cikin biyar.

Rubutun batirin nan na sake shi, daga kalma 700 ya dawo 420, kuma tambayar farko da aka yi min a kansa a kan layin ƙarshe ce, wani ke son sanin ko cire rigar waya lokacin caji yana rage zafin. Na ce masa eh yana ragewa, musamman idan rigar mai kauri ce.