Cibiyar darasin da ke biyan malamai gwargwadon makin yara: abin da na gani cikin wata uku

Malaman makarantun firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya sun shiga yajin aiki ranar 24 ga Maris, 2025, a makon ƙarshe na azumi, saboda ƙananan hukumomin birnin guda shida, waɗanda su ne ke biyan albashinsu, ba su aiwatar musu da sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu tun watan Yulin 2024 ba, ga kuma bashin wasu haƙƙoƙi da suka daɗe suna bi. Da yawa daga cikinmu iyaye mun ɗauka da an gama hidimar Sallah za a sasanta. Da aka shiga Afrilu ba amo ba labari, sai na nemi inda zan kai yarana biyu, babbar tana aji shida tana shirin jarrabawar shiga sakandare ta ƙasa da hukumar NECO ke shiryawa, ƙanenta kuma yana aji uku. Wata maƙwabciya ce ta nuna mini wata cibiyar darasi mai zaman kanta a unguwarmu da ke Gwagwalada, wadda aka rubuta a allon ƙofarta cewa ba ta san yajin aiki ba, kuma malamanta suna karɓar albashi ne gwargwadon ƙoƙarin ɗalibansu. Wannan alkawari biyu ne na je na saya, kuma a kansu zan auna cibiyar.

Wurin gidan haya ne mai ɗaki biyar da aka mayar ajujuwa, da rumfar kwano a tsakar gida inda 'yan aji ɗaya da biyu ke zama. Akwai tsafta daidai gwargwado, makewayin maza daban na mata daban, kuma akwai randar ruwan sha da ake cikawa kowace safiya. Fanka tana aiki ne kawai idan an kawo wuta, don haka a zafin Afrilu ɗakunan da ke fuskantar yamma sun kasance abin tausayi da rana. Kuɗin wata-wata ya yi kusa da na ƙananan makarantun kuɗi na unguwa, ana ba da rasit ba tare da an roƙa ba, kuma ba a taɓa ɓullo mini da wani kuɗi na ba-zata a tsakiyar wata ba, abin da duk wanda ya taɓa hulɗa da makarantun kuɗi zai san darajarsa.

Alkawarin farko sun cika shi ba tare da tangarɗa ba. Cikin wata uku ban taɓa kai yaran na tarar da aji babu malami ba. Ƙarfe bakwai da rabi kowa yana bakin allo, domin akwai littafi a kan teburin mai cibiyar da malami ke sa hannu ya rubuta lokacin isowarsa, kuma duk wanda ya makara ana zaftare masa wani abu daga albashi. Wanda ya saba ganin yara suna wasan guje-guje a filin makaranta har ƙarfe tara saboda malami bai iso ba, dole wannan ya burge shi, kuma ni ma ya burge ni.

Tsarin biyan malaman ne ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ke juya duk abin da ke faruwa a cikin ajin. Mai cibiyar, wata Hajiya da ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta buɗe wurin, ta bayyana mini shi da alfahari tun ranar farko. Kowane malami yana da ɗan albashi tsayayye wanda bai taka kara ya karya ba. Duk ranar Juma'a ana yi wa yara gwaji a lissafi da Turanci, kuma a ƙarshen wata ana ƙirga yaran da suka samu maki 70 zuwa sama, a ba malamin tukuici a kan kowane ɗaya. Idan iyaye suka cire yaro daga ajinsa, wannan ma ana rage masa. Ta ce mini, "Alhaji, a nan ba a cin albashin zaman kashe wando. Wanda ya yi aiki shi zai ga kuɗi." A lokacin maganar ta kwanta mini, musamman ga mutumin da 'ya'yansa suka kwashe makonni a gida.

Ga babbar 'yata tsarin ya yi amfani ƙwarai. Yarinya ce da makinta ke yawo tsakanin 60 da 65, wato dab da layin da ke kawo wa malami kuɗi, saboda haka ta zama abar lelen ajin. An zaunar da ita a bencin gaba, ana duba littafinta kullum da jan biro, kuma malaminta yakan riƙe ta tare da wasu yara biyar ko shida bayan an tashi su sake bitar raba lamba da lissafin kaso. Sun bi tambayoyin jarrabawar shekarun baya ɗaya bayan ɗaya har ta san fasalinsu, ta koyi cike takardar amsa da fensir ba tare da tsallake layi ba, ta kuma koyi barin tambayar da ta gagare ta ta dawo mata daga baya. Da ta shiga jarrabawar a watan Yuni ta fito da fara'a. Ba ni da ƙorafi ko ɗaya a kan hidimar da aka yi mata, kuma da a ce ita kaɗai na kai, da wannan sharhi yabo ne daga farko har ƙarshe.

Ƙanenta kuwa labarinsa daban ne. Ya zo cibiyar yana haɗa baƙi da ƙyar, makinsa na farko bai kai 30 ba, kuma babu malamin da zai iya ɗaga shi zuwa 70 cikin wata ɗaya ko biyu komai ƙwazonsa. A mako na shida na ɗauki littafinsa na Turanci na buɗe, sai na tarar shafi goma sha ɗaya a jere babu alamar jan biro, alhali ya kwafe duk abin da aka rubuta a allo, har da kurakuran da ya maimaita daga shafi zuwa shafi ba wanda ya gyara masa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne makinsa na gwajin Juma'a ya fara hawa a daidai wannan lokacin. Wani dare na ɗauko takardar gwajin lissafin makon da ya gabata, na sake rubuta tambayoyin a wata takarda amma na canza lambobin, inda aka ce 24 a raba gida 4 na mayar da shi 36 a raba gida 4. Yaron bai ko dubi lambobin ba ya rubuta 6. Da na tambaye shi dalili, ya ce ai Malama ta ce amsar ta uku shida ce. Ashe ranar Alhamis ake rubuta tambayoyin Juma'a a allo da sunan bita, yara su rera amsoshin kamar karatun haddar sati.

Ban ga laifin malamar sosai ba bayan na zauna da ita. Matashiya ce mai takardar shaidar malanta ta NCE, tana da yara sama da talatin a gabanta, kuma abin da take komawa gida da shi a wata, in ba tukuicin ba, ba zai riƙe ta kuɗin mota da abinci ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma cibiyar ba ta kai ba, don haka babu wata doka da za ta kafa hujja da ita. Ta ce mini cikin ladabi, "Baba, ba wai ba na son in zauna da shi ba ne. Idan na ba shi rabin sa'a, yara biyar da suke kusa da 70 za su zame mini." Lissafinta daidai ne, kuma lissafin da tsarin ya koya mata ke nan. Kiɗan da aka buga mata ta taka.

Wannan matsala ba a Gwagwalada aka fara ganinta ba. A birnin Atlanta na Amurka, inda aka ɗaure ci gaban malamai da shugabanninsu da sakamakon jarrabawa, an gano ana goge amsoshin yara ana gyarawa, har kotu ta samu mutum 11 da laifi a 2015. A Ingila ministan ilimi Michael Gove ya kawo tsarin ƙarin albashi bisa ƙwazo a 2013, ƙungiyoyin malamai na NUT da NASUWT suka yi yajin aiki a kansa a wannan shekarar, NUT ta sake yi a faɗin ƙasar a Maris 2014, sannan gwamnatin jam'iyyar Labour ta cire wajabcinsa daga Satumban 2024. Sai dai ba adalci ba ne a ce tsarin ba ya aiki ko'ina. Binciken da aka gudanar a makarantun karkara na jihar Andhra Pradesh ta Indiya, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna tukuicin malamai ya ɗaga ƙoƙarin yara a lissafi da harshe. Bambancin shi ne a can ana biya ne bisa yadda matsakaicin makin ajin gaba ɗaya ya ƙaru, kuma ba malamin ne ke tsara jarrabawar ko duba ta ba. A irin wannan tsari, yaron da ya tashi daga 25 zuwa 45 riba ce ga malaminsa. A cibiyarmu irin wannan yaro bai kawo ko kwabo ba, kuma malamar da za ta ci tukuicin ita ce ke tsara gwajin, ita ce ke dubawa. Na kai wa Hajiya wannan shawara, ta saurare ni da mutunci, ta ce za ta duba, amma har na bar wurin ban ga canji ba.

Sai batun "ba mu san yajin aiki ba", wanda shi ne babban tallan cibiyar a wancan lokacin. Gaskiya ne ba a taɓa rufe ƙofa ba, amma cikin wata uku ajin ɗana ya ga malamai uku. Ta farko ta tafi bayan an zaftare mata kuɗin yara biyu da iyayensu suka ƙaura, na biyu bai cika wata ba ya samu aikin POS a kasuwa, ta ukun ce wadda na zauna da ita. Malaman nan ba su da ƙungiya, ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma ba su da inda za su kai kuka, don haka idan abin ya ishe su ba sa rufe aji su ɗaga kwali, kawai ranar Litinin sai a ga wata sabuwar fuska a bakin allo. Ga yaron da ke koyon haɗa baƙi, sauyin malami sau uku yajin aiki ne da ba a sanar ba, kuma babu gidan rediyon da zai ba da labarinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne malamin 'yata, wanda ya fi kowa iya aiki a cibiyar, ashe ɗaya ne daga cikin malaman gwamnatin da ke yajin aikin, ya zo neman abin kai wa bakin salati kafin a sasanta. Na ɗan zolaye shi da cewa can ya ƙi aiki, nan kuma ba ya makara ko minti ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, can ina bin bashi, nan kuma ana biyana ranar da aka ce." Ya ƙara da cewa shi ba ya tsoron a auna aikinsa, abin da yake tsoro shi ne wanda zai riƙe ma'aunin, sai ya tuna mini da Kaduna, inda a 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 aka sallame su, ƙungiyar malamai ta Najeriya ta shiga yajin aiki a Janairun 2018 ta janye bayan kwanaki kaɗan ba tare da gwamnatin ta ja da baya ba. Ban yarda da shi a komai ba, domin ni a ganina malamin da ya kasa amsa tambayar aji huɗu bai kamata ya tsaya gaban 'ya'yan mutane ba. Amma na yarda da shi cewa gwamnatin da ba ta biya albashin da doka ta yanke ba, ba ta da bakin da za ta yi maganar biya bisa ƙwazo, kuma duk lokacin da aka taso da maganar ana tsakiyar rikici, malamai za su ji ta ne a matsayin barazana.

Hukuncina a kan cibiyar ya rabu gida biyu kamar yadda yarana suka rabu. Wanda ke da yaro mai matsakaicin ƙoƙari da jarrabawa a gabansa cikin wata biyu ko uku zai ci moriyar kuɗinsa, kuma zan iya ba shi shawarar ya kai. Wanda yaronsa ke baya a karatu, ko bai iya haɗa baƙi ba, ya nemi malamin da zai zo gida ko wata makaranta mai ƙarancin yara, in kuwa dole sai nan, to kada ya dogara da makin Juma'a, ya riƙa buɗe littafin yaron da kansa yana canza lambobin tambayoyin. Ya kuma tambayi mai wurin tun ranar farko wane ne ke tsara gwajin, da kuma malamai nawa ajin ya gani a zangon da ya wuce.

An janye yajin aikin a farkon watan Yuli, bayan sama da kwana ɗari, sakamakon shiga tsakanin da ministan birnin Nyesom Wike ya yi. Malamin 'yata ya koma makarantarsa a makon da aka buɗe, Hajiya ta maye gurbinsa da wani ɗan bautar ƙasa. Ni kuma na mayar da ɗana makarantar gwamnati, na ɗaukar masa wata tsohuwar malama da ta yi ritaya tana zama da shi sa'a ɗaya bayan la'asar, kuma da littafin aji ɗaya ta fara masa.