Lesin yamma ko bakin karofi?

Ni da maƙwabcina burinmu ɗaya ne, yaranmu su karanci kimiyya, amma kowa da hanyarsa. Shi lesin ya sa ɗansa: daga boko sai Islamiyya, daga nan sai gaban malamin lesin har magariba. Ba laifi, yaron ya iya lissafi, kuma shiga makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sai da irin wannan shiri. Sai dai in ka tambaye shi me yake son zama, sai ya ce "likita" kamar mai biya hadda.

Ni kuwa ran Asabar na ɗauki 'yata muka je marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Ta tsuguna a bakin karofi, wani dattijo ya tsamo ƙyalle daga ruwan baba da toka da kanwa. Ya fito kore-kore, kafin ka ce kwabo ya rikiɗe ya koma shuɗi.

"Baba, wa ya canja masa launi?"

Ya yi dariya, "Iska ce, 'yata." Da gaskiyarsa, iskar oksijin ce ke haɗuwa da sinadarin baban.

Kuɗin adaidaita kawai na kashe, sai warin karofi da ya biyo mu gida, uwarta har yau tana mita. Na san yawon nan ba zai ci mata jarabawa ba. Amma sati biyu ke nan tana jiƙa zoɓo a kofuna, wannan ta zuba kanwa, wancan ta matsa lemon tsami, tana rubuta launin da kowanne ya bayar.