Junifar kanti ko ta tukunyar roba, ga mai son bonsai babu waya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga hotunan junifa biyun nan da ka turo (bishiyar nan mai ƙananan ganye masu tsini), kana tambayar wadda za ka saya don bonsai, wato renon bishiya ta tsaya ƙarama cikin kasko: wadda aka riga aka gyara cikin kaskon tangaran a kanti, da waccan cukurkuɗaɗɗiyar da ke tukunyar roba a lambun masu sayar da dashe. Ɗauki ta tukunyar roba. Tunda ka ce ba ka son naɗa wa bishiya waya, ba ma sai ka tsaya neman shawarar kowa ba.

Mai aiki da waya yana iya kamo reshen da ya miƙe sama ya tanƙwaro shi ƙasa, ya cike duk gurbin da ya gani. Kai kuwa almakashi ne makaminka, shi kuma almakashi ragewa kawai ya iya. Duk siffar da za ka samu, sai in dama can tana cikin bishiyar, ganye ne ya lulluɓe ta. Saboda haka wadda ta fi yawan rassa ita ta fi ba ka zaɓi. Ta kantin nan wani ya riga ya zaɓa maka, ya bar maka rassa uku da ɗan tarin ganye a ka, kamar yaron da wanzami ya bar wa zanko. Me za ka ƙara yankewa a jikinta?

Tawa ta robar shekararta 6 ke nan a hannuna. A wani lambu bayan garin Leeds na Ingila na same ta, can ƙarshen layi inda suke jera shukokin da Turawa ke rufe ƙasar gaban gida da su. Ko kalmar bonsai babu a jikin takardarta, abin da aka rubuta kawai Juniperus procumbens Nana, kuɗinta fam 12. Asalin irin daga kudancin Japan yake, kuma ɗabi'arsa rarrafe, ba ya son miƙewa sama. Na durƙusa ina cusa yatsu ƙarƙashin ganyen ina laluben gangar jikin kowace tukunya, ƙayar tana sukata. Uwargida tana tsaye da lema tana cewa wai sai ka ce mai zaɓen ragon layya, ana ta taɓa gadon baya ana wucewa gaba. Gaskiyarta ne, aikin ɗaya ne. A tukunya ta tara yatsana ya ci karo da ganga mai kaurin babban yatsa, ta fito daga ƙasa ta karya kwana hagu, ta sake dawowa dama. Wannan lanƙwasar ita na biya wa kuɗi, ganyen kyauta aka ba ni.

Da na kawo ta gida wata guda ban taɓa ta ba, ban da ruwa. Sai wata Asabar na zauna a baranda na fara abin da nake kira shara. Na tsince busassun ganye masu ruwan ƙasa da suka taru a ciki inda rana ba ta kai, na cire duk tohon da ya kalli ƙasa a cikin kowane reshe, da wanda ya tsiro a hammata, wato daidai inda reshe ya rabu da ganga. Ban yanke babban reshe ko ɗaya ba, amma kafin la'asar gangar ta bayyana, iska na ratsawa. Daga nan na sa bulo a ƙarƙashin gefe ɗaya na tukunyar, na karkata ta, na koma nesa na duba, na juya ta, na sake karkatawa. Ka riƙe wannan dabarar, domin ita ce ta fi komai maye maka gurbin waya. Reshen da ke kwance sambal, in ka karkata tukunyar sai ya zama kan bishiya. Wanda ke gefe ya koma yana zubowa ƙasa kamar bishiyar da ta tsiro a bakin dutse, salon da Japanawa ke kira kengai, ko han-kengai in bai sauka sosai ba. Irin Nana da kansa yake karkata zuwa wannan salon, kai dai kada ka yi jayayya da shi. In ka samu karkatar da ta yi maka, ka sa alama, ranar canjin kasko a haka za ka dasa ta.

Sai yankan kansa. Hanyar ba sabuwa ba ce, masu aikin ƙananan bishiyoyi na kudancin Sin, wajen Guangdong, waɗanda ake kira makarantar Lingnan, da ita suka yi suna: a bar reshe ya yi ta tafiya har ya yi kauri, a datse shi, sabon toho ya ɗauki wata hanya, a sake bari, a sake datsewa. Kowace datsa kwana ce. In kana son reshe ya juya dama, sai ka bi shi da ido har ka ga ɗan reshen gefe mai lafiya da ke kallon dama, ka yanke babban a gaba da shi kaɗan. Ɗan ƙaramin nan shi zai gaji hanyar. Kwanar da ake samu a haka tana da kaifi, ta fi kama da ta bishiyar daji, ba irin lanƙwasar macijin nan da waya ke bayarwa ba. Sai dai su can galibi da bishiyoyi masu faɗin ganye suke yi, waɗanda in ka datse su ƙurmus sai su tofo. Junifa ba ta da wannan haƙurin.

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Ƙarfin junifa a ganyenta yake, musamman bakin tohon da ke girma. Reshen da ka aske tas, ba ka bar masa kore ba, kusan kullum mutuwa yake yi, domin tsohon icenta ba kasafai yake sake tofowa ba. Don haka duk inda za ka yanke, ka tabbata akwai kore mai rai a bayan wurin. Kuma kada ka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a zama guda. Ni a shekarar farko rassa huɗu kawai na cire, a watan Mayu, na bar sauran har shekara ta zagayo. Akwai wani reshe mai tsawo da ya ɓata mini fasali ƙwarai, na bar shi shekara 3 da gangan don ya ja wa gangar kauri. Duk baƙon da ya zo sai ya ce wannan fa? Na ce ɗan aiki ne, in ya gama za a sallame shi.

Kada kuma ka yi mata askin shinge, ka bi samanta da almakashi kana daidaitawa. Duk ganyen da almakashi ya raba biyu bakinsa zai ƙone ya koma ja. Shiga ciki za ka yi, ka nemo ɗan karan da ke ɗauke da tohon da ya zarce 'yan'uwansa, ka yanke shi a can gindinsa inda ya haɗu da wani. Za ka ji wasu na cewa a riƙa tsinke bakin kowane toho da farce duk mako. Na yi haka a shekara ta biyu, bishiyar ta dushe, koren ya koma fatsi-fatsi, sai da na ƙyale ta shekara guda cur ta huta. Yanzu sau biyu nake taɓa ta, farkon Yuni da kuma wajen Satumba. A kowace mararraba rassa biyu nake bari, in sun kai uku ko huɗu sai in rage. A hankali ganyen zai taru a saman kowane reshe kamar faifai, ƙasansa fes.

In akwai reshen da dole sai ya sauko, igiya ta isa. Ka yanko guntun robar tayar keke ka naɗa a inda igiyar za ta zauna don kada ta ci ɓawon, ka ja reshen ƙasa sannu a hankali, ka ɗaure ɗaya bakin a ramin da ka huda a leɓen tukunyar. Ga wani amfanin tukunyar roba ke nan, ƙusa mai zafi kawai za ka sa ka huda ta inda ka ga dama. Gwada wannan a kaskon tangaran mu gani. Icen junifa yana da taurin kai, in ka kwance da wuri zai koma inda ya fito, don haka nawa shekara guda nake barin igiyar, ina ƙara ja kaɗan bayan 'yan watanni. Wasu dutse suke ratayawa a reshe. Ban so ba, iskar ƙasar nan tana kaɗa shi ya yi ta lilo, har ya tsaga mini reshe ɗaya daga hammata.

Reshe mai kauri kuma in za ka cire shi, kada ka yanke shi daf da ganga. Bar guntu kamar tsawon yatsa, ka ɓare ɓawon tun yana ɗanye, ka ɗan fasa bakin da filaya ya yi kama da wanda iska ta karya. Shi ake kira jin, kuma babu bishiyar da ya fi yi wa kyau kamar junifa. In ya bushe ana shafa masa ruwan farar wuta da aka haɗa da farar ƙasa, ya yi fari kamar ƙashi. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ka yi a waje in kana son zaman lafiya da mutanen gida.

Ta kantin kuwa, na taɓa sayen irinta fam 40, kafin in san komai. Kaskon yana nan, ina zuba makullai a ciki.

Ba ka tambaya ba, amma bari in gaya maka yadda ake cin kuɗin mutane a harkar nan. Na farko, duk wanda ya ce maka junifa shukar ɗaki ce, a ajiye ta kan tebur ko kusa da taga, ko dai bai sani ba ko ya sani yana so ka dawo ka sayi wata. Bishiyar waje ce, tana son rana sosai, tana son sanyin hunturu, dusar ƙanƙara ba ta dame ta ba in dai ka kare tukunyar daga daskarewa mai tsanani. Ɗaki mai hita kabarinta ne. Abin da ke rufa wa masu sayarwa asiri shi ne, junifa tana iya mutuwa ta ci gaba da zama kore makonni da yawa. Kana zuba wa gawa ruwa kana murna, ranar da ta koma ja sai ka ɗauka laifinka ne. Tawa ta fam 40 ɗin nan ina zargin tun a kantin ta cika. Kafin ka biya, shafa ganyen, in ya yi ƙanƙam yana karyewa yana zuba, ajiye. Ka ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, mai rai za ka ga ɗanye a ƙasa. Ka kuma kaɗa reshe a kan farar takarda, in ka ga 'yan ɗigo-ɗigo suna motsi, ƙwarin nan ne masu kama da gizo-gizo da ke tsotse ganyen.

Na biyu, tsakuwar nan da ke saman kaskon a hotonka, duba da kyau, da gam aka manne ta don kada ƙasa ta zube a mota. Ruwa ba ya ratsa ta yadda ya kamata, kuma ba ka da hanyar sa yatsa ka ji ko ƙasar ta bushe. Da na fasa tawa, abin da na tarar reshe ne da aka yanko aka kafa, saiwarsa ba ta cika tafin hannu ba.

Na uku, shekaru. Za su rubuta maka 15 ko 20 a jikin abin da gangarsa ba ta kai fensir ba. Kauri da tsufan ɓawo su ne shaida, takarda ba ta tsufar da ice. In kana son ganin junifa mai shekaru na gaskiya, nemi hoton Goshin, dajin bishiyoyi 11 a kasko ɗaya da gwanin bonsai John Naka ya fara renon ta farkonsu a 1948, yana gidan adana bonsai na birnin Washington a Amurka. Ka kalli gangarsu, sannan ka dawo ka kalli ta kantin. Su kuma masu tallar ƙwayar irin bonsai a intanet, da hotunan bishiya shuɗiya ko mai ruwan hoda, kada ka ko tsaya. Babu wani iri da ake kira irin bonsai, bishiya ce kamar kowace, reno ne ke ƙanƙanta ta.

Na san wani zai ce ka nemi shimpaku, wani nau'in junifa, musamman na Itoigawa da ke Japan. Ba musu, ganyensa ya fi laushi, kamar kitso, ba ya suka. Amma yana da tsada, kyansa yawanci da waya ake fito da shi, kuma in ka matsa masa da yanka sai ya fusata ya riƙa fitar da ganye mai ƙaya, ka shekara biyu kana lallashi. Ba da shi ake koyon aski ba.

Ka koma lambun nan, kada ka ɗauki ta farko da ka gani. Tafi da safar hannu, ƙayar Nana tana sa ƙaiƙayi, amma cire ta lokacin laluben gangar. Nemi mai ganga ɗaya mai kauri da lanƙwasa tun daga ƙasa, da rassa masu kore kusa da jiki. Almakashi ɗan siriri mai kaifi ya ishe ka, kada su sayar maka da akwatin kayan aiki. Bar ta a tukunyarta ta roba a waje, kada ka haɗa mata yanka da canjin kasko a shekara ɗaya, canjin sai Afrilu mai zuwa. In ka gama sharar ciki, ɗauko hotonta ta fuska huɗu, kyamarar daidai da bakin tukunya, ka turo mu ga inda gabanta yake kafin ka cire babban reshe ko ɗaya.