Na'urar OBD2 mai Bluetooth: ta hana ni sayen katalis, amma tana da nata halin

Abin da ya sa na sayi wannan 'yar na'ura mai karanto rahoton kwamfutar mota ta nuna shi a waya shi ne motata ta ɗaukar kaya, mai amfani da fetur, ta faɗi gwajin hayaƙi. Takardar ta nuna CO (iskar guba da ke cikin hayaƙi) ya haura iyaka sosai, HC (fetur ɗin da bai ƙone ba) ma ya ɗan ɗaga, lambda kuma ta sauka ƙasa da 1, wato fetur ya fi ƙarfin iskar da ke shiga inji. Bakaniken da na kai wa ko buɗe bonet bai yi ba ya ce katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a bututun salansa, shi ne ya mutu, sai sabo. Duk mai tsohuwar mota ya san abin da wannan magana ke yi wa aljihu.

Na soka na'urar a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, na haɗa da waya, na ce ta karanto lambar matsala. Babu ko ɗaya. Ni da nake jiran P0420 (lambar raunin katalis) ko P0172 (lambar fetur ya yi yawa), sai ga allo fes. Raina ya ɓaci, na ce an sayar mini da abin wasan yara.

A shafin da ke nuna abin da inji ke yi kai tsaye ne labari ya sauya. Mota ta yi tafiya, lagireto ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, allurar dashbod tana tsakiya, amma kwamfutar motar tana ganin zafin ruwa wajen digiri 40 ne kawai. Injin da ya gasu kusan 90 ya kamata ya nuna. Ashe a yawancin tsofaffin motoci sensar da ke motsa allura daban take da wadda ke kai wa kwamfuta rahoto, kuma ta biyun ce ke ƙarya. Kwamfuta ta ɗauka injin bai gama ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Ba ta kunna fitilar gargaɗi ba saboda 40 adadi ne mai yiwuwa, a wurinta babu laifi. Da muka kwance fulogai, dukansu baƙi ƙirin, busasshiyar kunkunniya har tana kama yatsa. Nan na gane dalilin shan man da na daɗe ina ɗora wa tsufa.

Aka sa sabuwar sensa da fulogai, na ba motar wuta a babban titi kafin komawa, don katalis ba ya fara aiki sai ya yi zafi sosai. Ta wuce gwajin da tsohon katalis ɗinta. A ranar kam da za a tambaye ni, tauraro biyar zan ba na'urar.

To amma fa. Haɗinta da waya yankewa yake ana tsakiyar kallo, daidai lokacin da kake son ganin ko sensar oksijin, mai auna oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi, na lilo tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt. Takardar bayaninta ba ta faɗi komai ba. Ba ta ce soket ɗin na da wuta ko an zare makulli ba, don haka in ka bar ta a soke tana tsotsar batir a hankali. Ba ta kuma gargaɗe ka cewa goge lambobi yana share gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta ba, sai ka sake tuƙi kafin su cika, kuma akwai wuraren gwajin da ke mayar da mota saboda haka.

Hayaƙin kansa na'urar ba ta auna shi, abin da kwamfuta ta gani kawai take faɗa. Idan salansa ta huje ko inji na ƙona baƙin mai, kunne da ido ne za su gaya maka. In kuma motarka ta dizal ce da ta kwana biyu, ka leƙa ka tabbata tana da soket mai ramuka 16 kuma tana jin yaren OBD2 kafin ka saya. Tauraro uku da rabi.